Kiran juna da sunayen dangantaka a Indiya ta yau: abin da harshe yake nunawa game da zaman jama'a

0. Gabatarwa

Tun daga shekarun 1950 finafinan Indiya suka shigo gidajen sinima na ƙasar Hausa. Daga majigi suka koma kasat, daga kasat suka koma wayar hannu, kuma a yanzu ana kallon su da muryoyin Hausa da masu fassara suke ɗora musu a Kano. Saboda haka ɗalibin da ya zo mana daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana da wani hoto na zaman Indiyawa a kansa tun kafin ya buɗe littafi. Hoton nan ya ƙunshi tufafi da rawa da waƙa da bukin aure. Akwai wani ɓangare na rayuwar yau da kullum wanda ido ba ya gani, fassara kuma takan haɗiye shi, wato yadda mutane suke kiran juna.

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana tsarin kiran juna a Indiya ta yau, mu nuna yadda yake bin tsarin gida da aure da asali, sannan mu duba abin da birni da doka da Ingilishi suke sauyawa a cikinsa. Mafi yawan misalanmu daga harshen Hindi suke, amma za mu leƙa kudancin ƙasar inda bambanci ya wajabta. Wajen rubuta misalai mun ninka wasali don nuna tsawo (aa, ii, uu), mun yi amfani da c da w kamar yadda suke a Hausa, mun bar alamun hanci da na naɗe-harshe don sauƙin karatu.

1. Wane «Indiyanci»?

Abin da muke kira Indiyanci a bakin titi shi ne harshen finafinan Mumbai (Bombai ta da), wanda yake tsakanin Hindi da Urdu. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta samu mutum miliyan 1210 a ƙasar, ta kuma lissafa harsuna 121 waɗanda kowannensu yake da masu magana 10.000 ko fiye. Hindi ne a kan gaba da kashi 43,6 cikin 100, sai dai an zuba kare-kare da dama a ƙarƙashin sunansa, irin su Bojpuri da Rajastani, waɗanda masu ilimin harshe da yawa suke ɗauka harsuna ne masu zaman kansu. Bengali na biye da wajen mutum miliyan 97, Marati 83, Telugu 81, Tamil 69. Hindi da Bengali da Marati ƴan gida ɗaya ne da Faransanci da Farisanci, gidan Indo-Turai. Telugu da Tamil da Kannada da Malayalam na kudu kuwa gidansu daban, gidan Dirabidiya.

Tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950 ya sa Hindi a matsayin harshen aikin gwamnatin tarayya, ya ba Ingilishi wa'adin shekara 15. Da wa'adin ya cika a 1965 sai tarzoma ta tashi a jihar Madras (Tamil Nadu ta yanzu), kuma gyaran doka na 1967 ya bar Ingilishi yana aiki tare da Hindi ba tare da wa'adi ba. Jerin harsunan da tsarin mulki ya ambata ya fara da 14, ya kai 22 bayan gyaran 2003. Takardar kuɗin rupi ma tana ɗauke da ƙimarta cikin harsuna 17. Ke nan duk abin da za mu faɗa a kan Hindi, mai karatu ya riƙe cewa bayanin arewa ne da manyan birane.

2. Wakilan suna uku

2.1. Tsari

Faransanci yana da tu da vous. Hausa tana da kai da ke da ku, wato tana rarrabe jinsi da adadi. Hindi yana da wakilan suna uku na mutum na biyu, kuma abin da suke rarrabewa shi ne matsayi da kusanci. Aikatau yana bin kowannensu da siffa ta daban:

(1) a. tuu baith «zauna» (kusanci ƙwarai, ko raini)
b. tum baitho «zauna» (sabo)
c. aap baithiye «a zauna» (girmamawa)

Jinsi kuwa a jikin aikatau yake fitowa:

(2) a. tum kahaan jaate ho? «ina kake zuwa?»
b. tum kahaan jaatii ho? «ina kike zuwa?»

Girmamawa ba ta tsaya ga wanda ake magana da shi ba, takan shafi wanda ake magana a kansa ko da ba ya wurin. Ana yi masa jam'i:

(3) a. larkaa aayaa hai «yaron ya zo»
b. pitaa-jii aae hain «baba sun zo»

A wasu gidajen Hausawa ana jin irin (3b), amma zaɓi ne na mai magana. A Hindi ɗa ya yi wa mahaifinsa tilo abin kunya ne da kowa zai ji nan take. Abin lura shi ne mai magana ba shi da mafaka: ba zai iya cewa «zauna» ba sai ya bayyana inda ya ajiye abokin maganarsa.

2.2. Amfani

A 1960 Brown da Gilman sun nuna cewa irin wannan zaɓi yana bin ma'auni biyu, iko da zumunci. Inda mutum biyu suke musayar kalma ɗaya, zumunci ne ko daidaito. Inda ɗaya yake ba da aap yana karɓar tum ko tuu, iko ne. Ɗalibi yana ce wa malami aap, malami ya ce masa tum. Mai gida yana ce wa ɗan aiki tuu ko tum, ya karɓi aap. A tsarin da aka gada mace tana ce wa mijinta aap, shi kuma ya ce mata tum, wani lokaci tuu.

Kalmar tuu tana da fuska biyu. Da ita ake kiran jariri, da ita aminai suke kiran juna, da ita masu ibada da mawaƙa suke kiran Ubangiji. Da ita kuma ake cin mutunci, har ma sunan cacar baki a Hindi shi ne tuu-tuu main-main, wato «kai-kai ni-ni», domin masu faɗa sukan yar da aap su sauko kan tuu. Abin da ya haɗa fuskokin biyu shi ne rashin shamaki: ko dai ƙauna ta ɗauke shi, ko fushi ya karya shi.

2.3. Bambancin yanki

Lakno, babban birnin jihar Utar Paradesh, ya yi suna wajen ladabin magana, inda ake iya ce wa ƙaramin yaro aap don ya koya. A titunan Mumbai kuwa tuu ba ta da zafin da take da shi a Lakno, kuma baƙon da ya zo daga arewa yakan ɗauka an raina shi alhali ba a nufi haka ba. A Delhi ana jin siffa ta tsakiya, aap baitho, wadda ta haɗa wakilin sunan girmamawa da aikatau na sabo; littattafan nahawu ba su yarda da ita ba, amma ta bazu a bakin matasa. Bengali yana da matakai uku kamar Hindi (tui, tumi, apni). Tamil yana da nii da niingal a maganar yau da kullum. A gidajen masu Marati yara sukan ce wa uwa tuu su ce wa uba tumhii, abin da yake nuna inda kusanci yake da inda kwarjini yake.

3. Ɗafa-ƙeyar jii da gaisuwa

Ƙaramar kalmar jii tana manne wa suna ko laƙabi ko sana'a don girmamawa: Gaandhii-jii, maataa-jii «mahaifiya», maastar-jii «malamin makaranta». Ita kaɗai tana aikin «na'am», kuma tana tausasa amsa: jii haan «i», jii nahiin «a'a». Tare da ita akwai saahab, daga Larabcin da ya ba mu sahibi, wadda ake ba ma'aikacin gwamnati da likita da lauya.

Gaisuwar Bahaushe jerin tambayoyi ce: kwana, gajiya, gida, aiki. Ta Indiya gajera ce, amma takan bayyana addini ko yanki ko ra'ayi. A ƙidayar 2011 mabiya addinin Hindu kashi 79,8 ne, Musulmi 14,2, Kirista 2,3, Sik 1,7. Namaste ko namaskaar tare da haɗa tafuka ita ce mafi yaɗuwa. A karkarar arewa ana cewa Raam Raam. Musulmi suna yin sallama, kuma a Lakno da Haidarabad akwai aadaab, wadda Musulmi da Hindu suke iya yi wa juna ba tare da kowa ya shiga addinin wani ba. Mabiya Sik suna cewa Sat Srii Akaal, Tamilawa suna cewa wanakkam. Tsakanin waɗanda suka saba tambayar khaanaa khaayaa? «ka ci abinci?» tana tsayawa a matsayin «ina gajiya».

Jiki ma yana gaisuwa. Inda Bahaushe yake durƙusawa, ɗan Hindu yakan sunkuya ya taɓa ƙafafun iyaye da kakanni da malamai, musamman ranar buki ko tafiya ko jarrabawa, babba kuma ya dafa kansa ya ce jiite raho «ka rayu». Godiya ta baki, dhanyawaad ko shukriyaa, ba ta da yawa a cikin gida. Wanda ya gode wa mahaifiyarsa da kalma kamar ya mayar da ita baƙuwa ne.

4. Sunayen dangantaka

4.1. Dangin jini

Hausa tana da kalma ɗaya, kaka, ga mutum huɗu, da kalma ɗaya, jika, ga ƴaƴan ɗa da ƴaƴan ɗiya. Hindi ya raba su duka:

(4) daadaa, daadii «iyayen uba». Naanaa, naanii «iyayen uwa»
potaa, potii «ƴaƴan ɗa». Naatii, naatin «ƴaƴan ɗiya»
taauu «wan uba»; caacaa «ƙanen uba»; buaa «gwaggo»
maamaa «kawu»; mausii «ƴar'uwar uwa»
bhatiijaa «ɗan ɗan'uwa». Bhaanjaa «ɗan ƴar'uwa»

Mai fassara ya yi hattara da kamannin sauti. Maamaa namiji ne, kawu. Naanaa tsoho ne mai gemu. Daadaa kakan uba ne a Hindi amma wa ne a Bengali, kuma kaakaa a Marati da Gujarati baffa ne.

Ma'auni biyu ne suke aiki a (4): ɓangaren uba ko na uwa, da girma ko ƙanƙanta a cikin ɓangaren uba. Wan uba da ƙanen uba suna da suna daban-daban, amma kawu ɗaya ne ko babba ko ƙarami. Dalili a tsarin gida yake. A babban gidan gandu na arewa ƴan'uwa maza suna zaune wuri ɗaya da matansu da ƴaƴansu, don haka yaro yana buƙatar sanin wa yake gaba da wa. Taauu mai kwarjini ne kamar uba ko fiye, caacaa kuwa abokin wasa ne. Kawu yana wani gari, ana zuwa gidansa hutu, kuma aikinsa kyauta ne: a jihohi da dama shi yake kawo tufafi da kayan ado ranar auren ɗan ƴar'uwarsa ko ɗiyarta.

4.2. Dangin aure

A nan ma Hausa takan haɗa abin da Hindi ya raba. Suruki yana nufin uban mata da uban miji da mijin ɗiya. Hindi yana da sasur da saas ga iyayen miji ko na mata, bahuu ga matar ɗa, daamaad ga mijin ɗiya. Matar aure tana da jeth «wan miji», dewar «ƙanen miji», nanad «ƴar'uwar miji», da jethaanii da dewraanii, faccaloli babba da ƙarama. Namiji yana da saalaa «ɗan'uwan mata» da saalii «ƴar'uwar mata». Ƙanne suna kiran matar wansu bhaabhii, mijin yarsu jiijaa.

Kowace kalma tana tafe da halin da ya dace da ita, kuma a nan Bahaushe zai ga abin da ya sani. Tsakanin mace da jeth kunya ce. A karkarar Rajastan da Haryana da Utar Paradesh takan ja mayafinta, ghuunghat, ta rufe fuska idan ya shigo, kamar yadda take yi wa uban miji. Tsakaninta da dewar wasa ne. Tsakanin jiijaa da saalii ma wasa ne, kuma ranar aure ƙannen amarya sukan ɓoye takalman ango su ƙi fito da su sai ya biya, al'adar da fim ɗin Hum Aapke Hain Koun..! na 1994 ya ƙara yaɗawa a ƙasar.

Akwai kuma abin da ya bambanta da namu. Ga Hindu na arewa ba a aure a cikin dangi. Mutum ba ya auren wadda suke gotra ɗaya, wato zuriyar uba ɗaya, kuma a wurare da yawa ba ya auren ƴar ƙauyensu. Dokar auren Hindu ta 1955 ta hana aure tsakanin waɗanda suka haɗa kaka har zuwa hawa uku ta wajen uwa da hawa biyar ta wajen uba, sai inda al'adar mutane ta yarda. Amarya tana barin maaykaa «gidan iyaye» ta tafi sasuraal «gidan surukai» cikin baƙi, shi ya sa widaaii, rakiyar amarya, take cike da kuka. Masu ba da ɗiya suna ƙasa da masu karɓa, kuma dukiya tana bin amarya zuwa gidan ango, akasin sadaki. Dokar 1961 ta haramta wannan biya, dahej, amma bai gushe ba. Wannan rashin daidaito ya shiga harshe: saalaa, sunan dangi, yana cikin zagin da aka fi ji a titi, domin mai faɗin sa yana nufin ya ɗauki ƴar'uwar wanda yake zagi, wato yana bisansa. Musulmin Indiya kuwa suna auren zumunci, kuma suna da nasu kalmomi irin su khaalaa da khaaluu.

4.3. Kudu

Irawati Karve, a littafinta na 1953 kan tsarin dangantaka a Indiya, ta raba ƙasar shiyya-shiyya, kuma a shekarar nan Louis Dumont ya nuna cewa sunayen dangi na Dirabidiya hoton aure ne. A Tamil wan uba periyappaa ne «babban uba», ƙanen uba cittappaa «ƙaramin uba», kuma ƴaƴansu ƴan'uwa ne da ba a aure. Ƴaƴan kawu da na gwaggo kuwa, waɗanda muke kira taubasai, su ne aka fi so a aura, har ma a wasu al'ummu mutum yakan auri ɗiyar yarsa. Saboda haka maamaa yana nufin kawu da mijin gwaggo, da shi kuma ake kiran suruki. Attai gwaggo ce, da ita kuma ake kiran suruka. Amaryar kudu sau da yawa gidan da ta sani tun tana ƙarama take shiga. Irin wannan aure yana raguwa a birane, amma kalmomin suna nan.

5. Alkunyar suna

Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, takan ce maigida ko Malam ko baban wane, iyaye kuma suna ɓoye sunan ɗan fari. A Indiya alkunyar sunan miji tana da ƙarfi ƙwarai, kuma ana danganta ta da imanin cewa faɗin sunan yana rage masa kwana. Mace takan kira mijinta da suniye «a saurara», ko ta jingina shi ga ɗa, kamar Munnaa ke paapaa «baban Munna». Idan tana magana a kansa sai ta ce we ko wo tare da aikatau na jam'i, wato «su». Matan Marati suna cewa aho, na Bengali ogo. A Maharashtara akwai ukhaanaa: ranar aure ana sa amarya ta faɗi sunan ango, amma sai a cikin ɗan baiti mai amsa-amo da ta shirya. Wannan buki shi kansa shaida ne cewa a sauran ranaku ba a faɗin sunan. Bengalawa kuma suna da suna biyu, daak naam na gida da bhaalo naam na makaranta da takardu.

Ƙa'idar da take ƙarƙashin duk wannan ita ce suna yana sauka, ba ya hawa. Babba yana kiran ƙarami da sunansa, ƙarami yana kiran babba da kalmar dangantaka: bhaiyaa «yaya namiji», diidii «yaya mace».

6. Dangi a kan titi da fagen siyasa

Tun da ba a kiran babba da suna, kuma baƙo ba a san sunansa ba, sai a ara masa dangantaka. Mai tuƙa keken haya da mai shago bhaiyaa ne, matashiya diidii ce, dattijo caacaa ko baabaa, tsohuwa ammaa ko maataa-jii, yaro betaa «ɗa», kalmar da ake faɗa wa ƴa mace ma don nuna ƙauna. Aron nan yana da amfani a ciniki, yana kuma kafa iyaka: budurwar da ta ce wa saurayi bhaiyaa ta rufe ƙofar neman aure. Bukin Rakshaa Bandhan na watan Shraawan, wanda yakan faɗo a Agusta, yana tabbatar da haka a aikace, domin mace tana ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, kuma tana iya ɗaura wa wanda ba jininta ba ya zama ɗan'uwa. Kalma ɗaya kuma tana sauya launi da wuri: a Mumbai bhaiyaa takan zama sunan raini ga ƴan ci-rani daga Utar Paradesh da Bihar.

Siyasa ta ɗauki wannan hanya. Gandhi Baapuu ne «baba», Nehru Caacaa ne, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar yara. Annadurai, wanda ya karɓi mulkin jihar Madras a 1967, Annaa ne «wa». Jayalalithaa, wadda ta rasu a 2016, Ammaa ce, har gidajen abinci masu rahusa da gwamnatinta ta buɗe a 2013 da sunan nan aka san su. Mamata Banerjee, wadda ta hau shugabancin gwamnatin Bengal ta Yamma a 2011, Diidii ce, Mayawati kuma Bahan-jii. Mai zaɓe yana neman haƙƙinsa da harshen gida, shugaba kuma yana neman biyayya da shi.

7. Suna da asali

Jaati shi ne rukunin da ake haifar mutum a cikinsa, wanda a da yake ƙayyade sana'a, kuma har yau yake ƙayyade aure ga mafi yawan mutane. Sunan zuriya yakan bayyana shi: Mishra a arewa, Banerjee a Bengal, Iyer a ƙasar Tamil duk sunayen Barahmin ne. Tambayar cikakken sunan mutum sau da yawa tambayar asalinsa ce. John Gumperz ya nuna a 1958, a ƙauyen Khalapur na arewa, cewa bambancin lafazi yana bin iyakokin waɗannan rukunai. A wakilin suna ma haka ne: tsoho daga rukunan ƙasa yana iya karɓar tuu daga yaron mai gona, inda asali ya rinjayi shekaru.

Don haka gwagwarmayar neman daidaito ta bi ta kan suna. Tun 1699 Guru Gobind Singh ya ba mazan Sik sunan Singh, mata kuma Kaur. A 1929 E. V. Ramasamy, wanda aka fi sani da Periyar, ya sanar da yar da sunan rukuninsa, kuma a Tamil Nadu ta yau yawancin mutane harafin farko na sunan uba suke sa wa a gaban nasu. A Bihar da maƙwabtanta da yawa sun ɗauki Kumar, wanda ba ya nuna komi. Sashe na 17 na tsarin mulki ya soke ƙyamar taɓawa. Waɗanda abin ya shafa, kashi 16,6 cikin 100 a ƙidayar 2011, sun ƙi sunan Harijan da Gandhi ya ba su, suka zaɓi Dalit «waɗanda aka danne», kuma masu bin tafarkin Bhimrao Ambedkar suna gaisawa da Jai Bhiim. Dokar 1989, wadda aka ƙarfafa a 2015, ta mayar da zagin ɗan waɗannan rukunai da sunan asalinsa a bainar jama'a laifi da kotu take hukuntawa.

8. Abin da yake sauyawa

Za mu iya ware dalilai uku. Na farko birni ne da aikin albashi. Bayan buɗe tattalin arziki a 1991 ofisoshin kamfanoni sun yawaita, kuma a 2011 kashi 31 cikin 100 na jama'a a birni suke. A ofis ana amfani da sar da maidam na Ingilishi, a wasu kamfanoni ma da suna tsagwaro. Ma'aurata matasa masu ilimi sukan ce wa juna tum, mace kuma ta kira mijinta da sunansa, ko da yake takan koma aap idan surukai suna wurin.

Na biyu Ingilishi ne. Wakilin sunansa na mutum na biyu ɗaya ne, saboda haka ya zama mafakar da muka ce babu a Hindi: wanda bai san ko zai ce tum ko aap ba sai ya tsallaka Ingilishi. Ankal da aantii sun mamaye kiran maƙwabta da abokan iyaye, kamar yadda tonton da tanti suka yi a Yamai. Amfaninsu shi ne ba sa nuna ɓangare ko addini ko asali. Amma tsohon tsari yakan lanƙwasa baƙuwar kalma, sai a ji ankal-jii da sar-jii.

Na uku yawan haihuwa ne. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2019-2021 ya samu matsakaicin haihuwa 2,0 ga kowace mace. Yaron da ubansa ɗaya ne tilo ba shi da taauu ko caacaa ko buaa, matar da ta auri ɗa tilo ba ta da jeth ko dewar. Kalmomin ba za su ɓace daga ƙamus ba, amma yara da yawa za su san su daga tele kafin su san su daga gida. Gyaran dokar gado na 2005, wanda ya ba ɗiya haƙƙi daidai da ɗa a dukiyar gandun Hindu, shi ma yana taɓa tsohon ra'ayin cewa ɗiya ta wani gida ce.

9. Kammalawa

Mun ga cewa kiran juna a Indiya yana bin ma'auni huɗu: shekaru, ɓangaren uba ko uwa, matsayin mai ba da ɗiya ko mai karɓa, da asali. Hausa tana tarayya da Hindi a alkunya da wasan dangi da aron dangantaka ga baƙo, ta fi kusa da Tamil a auren taubasai, ta kuma bambanta da su duka wajen rashin tilasta matsayi a jikin aikatau.

Wannan yana da sakamako ga aikin fassara. Idan saurayi da budurwa suka tashi daga aap zuwa tum, mai kallo a Delhi ya san soyayya ta kama. Idan matar da ta saba ce wa mijinta tum ta koma aap, ya san ta yi fushi. A Hausa duka kai ne da ke, kuma labarin yakan rasa gaɓarsa. Hausa tana da kayan gyara: sauyawa daga Malam zuwa suna, daga ranka ya daɗe zuwa kai tsagwaro, daga sunan yanka zuwa laƙabi. Sai mai fassara ya ji sauyin tukuna zai nemo su.

Muna ba ɗalibanmu shawarar ayyuka biyu. Na farko, a ɗauki fim ɗaya da fassararsa ta Hausa, a lissafa duk inda wakilin suna ya sauya, a duba abin da mai fassara ya yi da shi. Na biyu, a tattara yadda matasan ma'aurata suke kiran juna a Yamai da Maraɗi da Damagaram, a gida da gaban surukai, da inda suke tsallakawa Faransanci, domin a ga ko tu da vous suna yi musu aikin da Ingilishi yake yi wa takwarorinsu na Delhi.